Baƙi, kasuwa da kishin ƙasa a zaɓen shugaban Kamaru: inda muhawarar ta shafi unguwar Briqueterie

A Amurka da Faransa, duk sa'ad da zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato, masu ra'ayin riƙau kan ɗauko batutuwa uku su kafa yaƙin neman zaɓe a kansu: shigowar baƙi, harajin kayan waje, da fifita ɗan ƙasa. Da su Donald Trump ya ci zaɓe a 2016 da 2024, da su kuma Marine Le Pen ta kai zagaye na biyu a 2017 da 2022. Waɗannan batutuwa suna nan a siyasar Kamaru, sai dai kamanninsu daban ne. Baƙon da aka fi jayayya a kansa a Kamaru yawanci bai ƙetaro wata iyaka ba. Ɗan ƙasar ne da ke zaune a garin da ake ganin ba na kakanninsa ba ne. Shi ya sa muhawarar ta shafi Hausawan kudancin ƙasar kai tsaye, musamman mazauna Briqueterie a Yawunde, waɗanda da yawansu a nan aka haifi iyayensu da kakanninsu, amma har gobe akan tambaye su daga ina suka zo.

Unguwar da mutanenta

Briqueterie, wadda ake taƙaitawa da Brik, tana cikin gundumar Yawunde ta biyu, tsakanin tsakiyar birni da kasuwar Mokolo, dab da babban zauren wasanni na Warda da ƙasar Sin ta gina aka buɗe a 2009. Ma'anar sunan a Faransanci ita ce wurin yin bulo, domin an yi masana'antar bulo a wurin tun zamanin Jamusawa. 

Jamusawa sun kafa sansaninsu a Yawunde a 1889. Fatake Hausawa, waɗanda dama suke ratsa Adamawa ta Banyo da Tibati da Yoko suna neman hauren giwa da goro, suka biyo hanya har sansanin suka kafa zango. Bayan yaƙin duniya na ɗaya Faransawa suka karɓi mafi yawan ƙasar, suka mai da Yawunde babban birni, kuma a zamaninsu ne zangon ya zauna a inda yake yanzu. Wato zaman Hausawa a birnin ya girmi 'yancin kan Kamaru na 1 ga Janairu 1960 da shekaru masu yawa.

A kudancin Kamaru, kalmar "Haoussa" ta wuce ƙabila. Kusan duk Musulmin da ya sa babbar riga da hula da ita ake kiransa, ko Bafulatanin Garwa ne, ko Babarbaren Arewa Mai Nisa, ko mutumin Maraɗi, Kano, Bamako ko Dakar. Duk waɗannan suna nan a Briqueterie, tare da Bamun na Foumban da sauran ƙabilun kudu. An san unguwar da tsire, wanda a nan ake kira soya, da kilishi, da teloli masu ɗinkin manyan riguna, da shagunan shadda da atamfa da turare, da 'yan canji. Ɗan ƙasa da baƙo masallaci ɗaya suke shiga, sunayensu iri ɗaya ne, tufafinsu ma haka. Mai kallo daga waje ba ya iya rarrabe su, don haka duk maganar da aka yi a kan baƙi kan faɗa wa unguwar gaba ɗaya.

Yadda ake zaɓen, da su wane ne 'yan riƙau

Zaɓen shugaban Kamaru zagaye ɗaya ne: wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci, ko da bai kai rabi ba. Wa'adin shekara 7 ne, kuma gyaran kundin tsarin mulki na 2008 ya cire iyakar yawan wa'adi. Sai mai shekara 20 ke jefa ƙuri'a. Ɗan takara dole ya kai shekara 35, ya kasance ɗan Kamaru na asali, ya kuma ajiye sefa miliyan 30. Hukumar ELECAM ke shirya zaɓe, kotun tsarin mulki ke bayyana sakamako.

Paul Biya yana kan mulki tun 6 ga Nuwamba 1982. A zaɓen jam'iyyu da yawa na farko, a Oktoba 1992, ya samu kusan kashi 40 cikin 100, John Fru Ndi kusan 36, Bello Bouba Maigari kimanin 19. A 2018 an ba shi kashi 71.28, Maurice Kamto 14.23. A zaɓen 12 ga Oktoba 2025 kotun tsarin mulki ta ba shi kashi 53.66, Issa Tchiroma Bakary 35.19.

Jam'iyyun Kamaru ba su rabu dama da hagu irin na Turai ba, amma akwai ɓangarori biyu da za a iya kira masu riƙon tsohon tsari. Na farko shi ne jam'iyya mai mulki, RDPC, wadda aka kafa a Bamenda a 1985 a kan harsashin jam'iyyar UNC ta Ahmadu Ahidjo. Hujjarta ita ce haɗin kan ƙasa, zaman lafiya, da guje wa sauyin da ba a san ƙarshensa ba. Na biyu su ne sarakunan gargajiya da manyan 'yan bokon ƙabilun da manyan birane suka zauna a ƙasarsu, kamar Sawa a Duwala da Beti a Yawunde, waɗanda ke neman a kare musu filaye da kujerun mulki daga masu zuwa daga wasu jihohi. Galibi waɗannan ɓangarori a inuwa ɗaya suke, amma buƙatunsu suna karo. Ɗaya na cewa kowane ɗan Kamaru a gida yake ko'ina cikin ƙasar, ɗayan na cewa kowane gari da masu shi.

Ɗan asalin wuri da mai zuwa

Wannan karon yana cikin kundin tsarin mulki na 18 ga Janairu 1996 kansa. Gabatarwarsa ta ba kowa 'yancin zama inda ya ga dama da tafiya ko'ina, ta kuma ɗora wa gwamnati nauyin kare tsiraru da haƙƙin 'yan asalin wuri. Kalmomin da ake amfani da su a Faransanci su ne autochtone, wato ɗan asalin wuri, da allogène, wato wanda asalinsa wani wuri ne ko da nan aka haife shi. Sashe na 57 ya ce shugaban majalisar jiha dole ya zama ɗan asalin jihar.

Kwanaki kaɗan bayan fitowar kundin aka yi zaɓen ƙananan hukumomi. Jam'iyyar adawa ta SDF ta lashe yawancin gundumomin Duwala, kuma yawancin magadan garin da ta naɗa Bamileke ne. A Fabrairu 1996 'yan ƙabilar Sawa suka fito kan titi suna ƙorafin cewa an mai da su saniyar ware a garinsu. Tun daga nan batun bai sake kwanciya ba. Dokar zaɓe ta wajabta wa jam'iyyu su yi la'akari da al'ummomin da ke cikin mazaɓa wajen tsara jerin 'yan takara, dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disamba 2019 kuma, a sashe na 246, ta ce babban magajin gari na birni irin su Yawunde da Duwala dole ya zama ɗan asalin jihar.

Ga mazaunin Briqueterie abin da wannan yake nufi a fili yake. Yana iya jefa ƙuri'a, yana iya zama kansila, ƙa'idar kuma ba ta hana shi neman kujerar magajin garin gunduma ba. Amma kujerar babban magajin garin Yawunde da ta shugaban majalisar jihar Tsakiya an keɓe su ga waɗanda ake ɗauka 'yan asalin jihar. Haka kuma tsarin rabon guraben shiga manyan makarantun gwamnati tsakanin jihohi, wanda aka soma tun zamanin Ahidjo, yana bin asalin iyaye ne, ba wurin haihuwa ba. Bafulatanin da mahaifinsa ya fito daga Ngawundare yana da jihar da zai rubuta. Bahaushen da kakan kakansa ya zo daga Kano ko Katsina a zamanin Jamusawa, tambayar ta fi yi masa wuyar amsawa.

Masu goyon bayan wannan tsari suna cewa in ba shi, ƙabilu masu yawa da kuɗi za su saye filayen ƙananan al'ummomi su kuma kwashe kujerunsu. Masu suka suna cewa ya raba 'yan ƙasa gida biyu, ya kuma ba 'yan siyasa makamin da suke zarowa duk lokacin zaɓe. Bayan zaɓen 2018 an ga yadda makamin yake aiki. A Facebook aka riƙa jifan magoya bayan Kamto da "tontinards", daga adashen da aka san Bamileke da shi, su kuma suna mai da martani da "sardinards", wato waɗanda ake saye da burodi da kifin gwangwani. A Oktoba 2019, bayan kisan wani matashi ɗan acaba a Sangmélima da ke jihar Kudu, aka far wa shagunan waɗanda ba 'yan asalin garin ba. A Disamba na shekarar aka ƙara sashe na 241-1 a kundin laifuffuka, wanda ya tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 2 da tarar sefa 300,000 zuwa miliyan 3 ga mai kalaman ƙiyayya ga wata ƙabila.

Dokar zama ɗan ƙasa da takardu

Dokar da ke fayyace wane ne ɗan Kamaru ita ce ta 11 ga Yuni 1968. Ginshiƙinta jini ne: ɗan Kamaru shi ke haifar ɗan Kamaru. Amma ta buɗe wasu ƙofofi uku da suka shafi zuriyar baƙi. Wanda aka haifa a Kamaru, kuma ɗaya daga cikin iyayensa baƙi shi ma a Kamaru aka haife shi, ɗan ƙasa ne. Wanda aka haifa a ƙasar, iyayensa kuma duka a waje aka haife su, yana iya neman zama ɗan ƙasa ta hanyar sanarwa cikin watanni 6 kafin ya cika shekarun balaga na doka, muddin ya shekara 5 yana zaune a ƙasar. Baƙo kuma yana iya neman a ba shi ta dokar shugaban ƙasa bayan zaman shekara 5.

A bisa wannan doka, tsofaffin gidajen Briqueterie 'yan Kamaru ne ba tantama. Matsalar tana wajen kawo shaida. Katin ɗan ƙasa yana buƙatar takardar haihuwa da takardar shaidar zama ɗan ƙasa da kotu ke bayarwa. Wanda ba a yi wa rajistar haihuwa a kan lokaci ba sai ya je kotu ta yanke hukuncin da zai maye gurbinta, abin da ke cin kuɗi da lokaci. Iyalai da yawa da suka yi karatun allo kawai ba su yi wa 'ya'yansu rajista ba, don ba su ga ranar takardar ba sai da buƙatarta ta taso. Shekaru da dama ma waɗanda takardunsu suka cika sukan daɗe suna yawo da takardar wucin gadi da ake kira récépissé, ana ta sabunta musu ita. A 2025 rundunar 'yan sanda ta soma sabon tsarin katin, kuɗinsa ya tashi daga sefa 2,800 zuwa 10,000.

Wannan ya shafi zaɓe kai tsaye, domin da katin ɗan ƙasa ake yin rajistar zaɓe. Kimanin mutum miliyan 8 ne suka yi rajista a 2025, a ƙasar da ake kiyasin jama'arta sun doshi miliyan 30. Ya kuma shafi kasuwa da gida: asusun banki, layin waya, takardar kasuwanci, da takardar mallakar fili, wadda dokar 1974 ta mai da ita shaidar mallaka ɗaya tilo da hukuma ta sani.

Sashe na 31 na dokar 1968 ya ce baligin da ya karɓi ko ya riƙe zama ɗan wata ƙasa da son ransa ya rasa na Kamaru. Wannan shi ne batun da 'yan Kamaru mazauna Turai da Amurka suka fi matsawa a kai. An ba mazauna waje damar jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa tun 2011, amma ban da waɗanda suka karɓi fasfon wata ƙasa. Babban taron ƙasa na 2019 ya ba da shawarar a gyara dokar, 'yan adawa da dama sun yi alkawarin haka, amma aka shiga zaɓen 2025 ba a gyara ta ba. Ko Samuel Eto'o sai da aka tayar masa da maganar fasfon Sifaniya kafin ya ci shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa a Disamba 2021. Iyalan da ke da reshe a Yawunde da reshe a Yola, Kano ko Damagaram su ma sashen ya shafe su, domin Najeriya ta yarda ɗanta na haihuwa ya riƙe ƙasa biyu, Kamaru kuwa ba ta yarda ba.

Baƙin da suka ƙetaro iyaka

Shigowa da zaman baƙi yana ƙarƙashin dokar 10 ga Janairu 1997. Katin izinin zama yana aiki shekara 2, katin mazauni na dindindin shekara 10. Kamaru tana cikin ƙungiyar CEMAC tare da Chadi, Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Gini Ikwatoriya, inda aka amince da zirga-zirga ba biza a 2017. Ba ta cikin ECOWAS. Ɗan Najeriya yana shiga ba biza don gajeriyar ziyara saboda tsohuwar yarjejeniyar ƙasashen biyu, amma zama da sana'a suna buƙatar katin izini.

Abubuwa biyu sun sauya yadda ake kallon mai zuwa daga Najeriya. Na farko rikicin Bakassi, wanda kotun duniya ta yanke hukuncinsa ranar 10 ga Oktoba 2002, aka kammala miƙa yankin ga Kamaru a Agusta 2008. Na biyu Boko Haram. An buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawao a Arewa Mai Nisa a 2013, daga 2014 kuma hare-hare suka tsananta a Amchidé, Fotokol da Kolofata. Binciken takardu ya ƙaru a kan hanyoyi da unguwannin Musulmi na manyan birane, kuma wanda ba shi da kati a aljihu shi ya fi shan wahala, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo. Duk da haka, korar baƙi ba ta zama taken manyan 'yan takara ba a zaɓukan 2018 da 2025. Maganar shekarun shugaban ƙasa, rikicin yankunan masu Turancin Ingilishi, tsadar rayuwa da rashin aikin matasa su suka fi ƙarfi.

Kasuwanci: buɗe ƙofa ko kare na gida

A nan ma gwamnati tana riƙe da manufofi biyu da ke jan juna. A gefe guda, Kamaru ce kaɗai a yankin Afirka ta Tsakiya da ta aiwatar da yarjejeniyar kasuwanci da Tarayyar Turai, wadda a ƙarƙashinta aka soma rage harajin kayan Turai daga 4 ga Agusta 2016, da nufin cire shi a kan kimanin kashi 80 cikin 100 na kayan a hankali. Tana kuma cikin kasuwar bai ɗaya ta Afirka da ta soma aiki ranar 1 ga Janairu 2021. A ɗaya gefen, tsarin raya ƙasa na 2020 zuwa 2030 ya ɗauki manufar maye gurbin kayan waje da na gida, musamman shinkafa, kifi, masara da alkama. Amurka kuma ta cire Kamaru daga tsarin AGOA daga Janairu 2020 bisa zargin take haƙƙin ɗan Adam.

Atamfa ta isa misali. Kamaru tana noman auduga a arewa ƙarƙashin kamfanin SODECOTON, tana da masaƙar CICAM a Garwa da Duwala tun shekarun 1960, amma masaƙar ta daɗe tana fama da atamfar Asiya mai araha da gwanjo. Mai masana'anta yana son a tsananta haraji da kama kayan fasa-ƙwauri. Mai shago da tela a Briqueterie kuwa kayan da suke juyawa yawancinsu daga waje suke zuwa, don haka duk ƙarin haraji a wuyansu yake sauka kafin ya kai ga mai saye. A lokaci guda, jarin ɗan Najeriya ya samu gindin zama a ƙasar: kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar siminti a Duwala a 2015.

Kasuwar unguwar ta dogara da hanyoyi. Shanun da ke ciyar da mahauta da masu tsire daga Adamawa da Chadi suke gangarowa, wasu ta layin dogon Ngawundare da aka kammala a 1974. Albasar Marwa da Garwa tana ratsa Yawunde zuwa Kyé-Ossi, a kan iyakar Gabon da Gini Ikwatoriya. Iyakar Najeriya, mai tsawon kimanin kilomita 2,000, ta sha toshewa: Boko Haram ta gurgunta hanyar Banki da ta Gamboru, rikicin yammacin ƙasar daga ƙarshen 2016 ya dagula hanyar Bamenda zuwa Ekok, Najeriya kuma ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Janye tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayu 2023 ya ɗaga farashin fetur ɗin bayan fage da ake kira zoua-zoua, wanda arewacin Kamaru ya dogara da shi. A gidajen mai na hukuma ma litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairu 2023, sannan 840 a Fabrairu 2024.

Sai batun kuɗi. Sefar Kamaru, wadda bankin BEAC mai hedkwata a Yawunde ke fitarwa, da sefar Nijar darajarsu ɗaya ce, 655.957 a kan yuro guda, amma takardar ɗaya ba ta sayayya a ƙasar ɗaya sai an canza. Masu kishin ƙasa suna ganin sefa ragowar mulkin mallaka ce. Masu kare ta suna nuna yadda naira ta faɗi daga 2023 su ce kwanciyar hankalin kuɗi ba abin wasa ba ne. Ɗan kasuwar da ke saro kaya a Kano ya sayar a Yawunde ya amfana da ƙarfin sefa, tsofaffi kuwa ba su manta da karyewar darajarta da rabi a Janairu 1994 ba.

Kishin ƙasa iri uku

Kalmar kishin ƙasa ba abu ɗaya take nufi a bakin kowa ba. A wajen gwamnati tana nufin ƙasa ɗaya da ba ta rabuwa, wadda ake bikinta kowace 20 ga Mayu, ranar ƙuri'ar 1972 da ta rushe tsarin tarayya. Da wannan ma'ana ake yaƙar 'yan awaren Ambazoniya, da ita kuma ake zargin 'yan adawa da zama 'yan koren ƙasashen waje. A wajen magadan jam'iyyar UPC ta Ruben Um Nyobè, wanda sojojin Faransa suka kashe ranar 13 ga Satumba 1958, tana nufin kammala 'yanci daga Faransa. Wannan ra'ayi ya ƙara ƙarfi a Agusta 2025, da aka bayyana wasiƙar da Emmanuel Macron ya amsa cewa Faransa ta yi yaƙi a Kamaru kafin 'yancin kai da bayansa.

Na uku shi ne kishin yanki. Jihohin arewa uku, Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, sun daɗe suna zama rumbun ƙuri'un Biya, kuma a Marwa ya yi gangaminsa a 2018 da 2025. Amma akwai tsohon tabo: yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu 1984, wanda ya jawo kashewa da ɗaure 'yan arewa da dama, da kabarin Ahidjo da ke Dakar tun rasuwarsa a 1989. Tchiroma ya yi shekaru a kurkuku bayan 1984, Bello Bouba kuma ya yi gudun hijira a Najeriya. Dukansu sun zama ministocin Biya daga baya, dukansu kuma suka bar gwamnati suka tsaya takara a 2025.

Abin da ya faru a maƙwabta

Hausawan ƙetare sun ga inda irin wannan muhawara take kaiwa. A Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, zanguna suka watse, har da waɗanda a can aka haife su. A Janairu 1980 aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Borno, aka kai shi Chadi da sunan ba ɗan Najeriya ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. A Janairu 1983, shekarar zaɓe, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi sama da miliyan ɗaya. A Kwaddibuwa an hana Alassane Ouattara takara a 2000 bisa hujjar asali, bayan shekara 2 ƙasar ta faɗa yaƙi.

A 2019 jam'iyyar APC ta shaida wa kotun zaɓen Najeriya cewa Atiku Abubakar ba ɗan ƙasa na haihuwa ba ne, domin Jada inda aka haife shi a 1946 tana cikin Kamarun Ingila har ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961. Kotun ba ta karɓi hujjar ba. A Nijar ma an ƙalubalanci asalin Mohamed Bazoum kafin zaɓen 2020, kotun tsarin mulki ta tabbatar da takararsa. A Gabon, watanni huɗu bayan zaɓen Brice Oligui Nguema a Afrilu 2025, gwamnati ta sanar da hana baƙi wasu ƙananan sana'o'i, ciki har da ƙaramin kasuwancin unguwa da gyaran waya. A yawancin waɗannan misalai takarda ce ta raba gardama, kuma waɗanda ba su da ita su suka fi asara.

Bayan zaɓen 2025

An hana Kamto takara bisa hujjar cewa jam'iyyar MANIDEM ta tsayar da mutum fiye da ɗaya, 'yan takara 12 suka rage. Ficewarsa ta sa ɗimbin masu zaɓe a Duwala da yammacin ƙasar suka koma bayan Tchiroma, ɗan Garwa, abin da ya nuna cewa ƙuri'a tana iya tsallake ƙabila da addini. Tchiroma ya yi iƙirarin shi ya ci, ya ƙi amincewa da sakamakon da aka bayyana ranar 27 ga Oktoba. An yi zanga-zanga a Garwa da Duwala da wasu garuruwa, an rasa rayuka, an kama mutane da yawa. An rantsar da Biya, mai shekara 92, a wa'adi na takwas ranar 6 ga Nuwamba, Tchiroma kuma ya samu mafaka a Gambiya.

Zaɓen bai taɓa ko ɗaya daga cikin dokokin da aka ambata ba. Sashe na 57 da na 246 suna nan, haka dokar 1968, haka yarjejeniyar Turai da sefa. Abin da ke hannun mazauna Briqueterie da takwarorinsu na New Bell a Duwala, da zangunan Bamenda da Kumba, shi ne abin da doka ta riga ta ba su: rajistar haihuwar yara a kan lokaci, hukuncin kotu ga waɗanda lokaci ya wuce musu, katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, da katin izinin zama ga wanda ba ɗan ƙasa ba. ELECAM tana buɗe rajistar masu zaɓe kowace shekara daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta, sai dai a shekarar zaɓe ana rufe ta da zarar shugaban ƙasa ya sa hannu a kan dokar kiran masu zaɓe.